Maganaɗisu a Cikin Rumbu

Me ke sa mutum ya shafe sunan wanda ya koya masa riƙe alƙalami? Ban sani ba.

Hassana ce ta kai ƙara ofishin 'yan sanda na Kankia. An fasa rumbun mahaifinta a Mawashi. A ciki yake ajiye adakar tsofaffin faya-fayan kwamfuta, tarihin sashen da ya kafa a jami'a, kuma ranar Asabar za a zo a kwasa don bikin tunawa da kafa sashen.

Sufeto Gajere ya tarar da mahaifin nata, Malam Shehu, a zaure, tsoho, makaho.

"Malam, wa ya zo jiya?"

"Na ji muryarsa. Ba zan faɗi suna ba."

Babu faifai ɗaya da ya ɓace. Amma a kansu an bar ƙaton maganaɗisu, irin na cikin lasifika. Hassana ta gwada su a tsohuwar kwamfutar gidan. Fayau, duk abin da ke ciki ya goge.

Aka kamo Ashiru mai sayen tsofaffin ƙarafa. Ya yi dariya.

"Yallaɓai, in ni ne, adakar da maganaɗisun zan ɗauka. Robobin nan ko akuya ba ta ci."

Gajere ya tambayi Hassana wanda zai zo kwasar kayan.

"Farfesa Zakiyyu. A gidan nan ya ci tuwo har ya gama digiri."

Suka same shi a gidansa na Kusada, Gajere ya ce masa an fasa rumbun Malam.

"Rabona da Mawashi tun Sallah," in ji shi. "Abin tausayi ne. Faifan da aka goge da maganaɗisu ba ya dawowa."

"Ni cewa na yi an fasa rumbu, Farfesa."

Zakiyyu ya cire tabarau.

"Manhajar kwamfutar da ta ba ni matsayin farfesa tana ciki, da sunan Malam a layin farko, ba nawa ba. Makaho ne, Sufeto. Ko na bar su, me zai gani?"

Gajere ya kawo shi Mawashi da ankwa. Zakiyyu ya durƙusa a bakin zaure.

"Baba, ni ne."

Tsohon ya daɗe yana shafa wani faifai da babban yatsa. Sai ya juya fuskarsa wajen Gajere.

"Sufeto, ɗauki biro. Sunansa Zakiyyu. Ni na koya masa abin da maganaɗisu ke yi."