Rijiyoyi Bakwai na Junaidu

Duk wanda ya san gidan su Junaidu a bayan Hubbare ba zai yi zaton zai taka ƙofar boka ba, don gidan malamai ne kaka da kakanni. Kuma ba yunwa ce ta kai shi ba.

Shekara tara ya yi a wani kamfanin mai da iskar gas da ke da ofis a Sama Road, a sashen kyautata wa al'umma. Shi ke haƙa rijiyoyin burtsatse da sunan kamfani, shi ke raba dashen itatuwa, shi ke rubuta rahoton kula da muhalli. A tafa masa, a ɗauki hoto, ya koma gida a tsohuwar motarsa, alhali abokan aikinsa na sashen dakon mai sun gina benaye. Abin nan ne ya yi ta cin ransa, har wata Talata da tsakar rana ya fita bayan gari wurin wani boka da ake kira Bawa.

Ya same shi zaune a bakin wata tsohuwar rijiya da ta ƙafe. An kewaye bakinta da ƙahonin tumaki, an ɗaure guga da jan ƙyalle, igiyar ta yi baƙi da busasshen jini. Rana na dukan ko'ina, amma sanyi ne ke fitowa daga ramin. Bawa ya zura gugar a inda babu ruwa, ya jawo ta a cike.

"Mi kaka so?" in ji shi.

"Ɗaukaka. Na gaji da yi wa wasu aiki suna cin moriya."

"Kai ba mai ba mutane ruwa ba ne? To, mu ma ƙishirwa muka ji." Ya tsoma layu bakwai a cikin gugar, ya jera su a ƙasa. "Kowace rijiya ka haƙa, ka jefa ɗaya kafin a sa bututu. Kai ka shayar da jama'a, mu mu ɗauki rabonmu cikin masu sha."

Junaidu ya dubi layun. "Mutum nawa?"

"Ba ka tambaya."

"Ban da iyalina dai."

Bawa ya dube shi ya yi murmushi. "Ɗiyanka na shan ruwan talakawa?"

Ba sa sha. Ruwan roba ake saye a gidansa. Da wannan ya lallashi kansa, ya kwashe layun.

A Tudun Wada aka fara. Kafin shekara ta zagayo rijiyoyi bakwai sun tsaya da tankunansu da wutar sola, kamfani ya sami lambar yabo, aka ɗaga Junaidu zuwa babbar kujera. Ya buɗe gidan mai nasa na kansa, ya ƙara na biyu.

Sai Lantana mai ƙosai, wadda ta rangaɗa guɗa ranar buɗe famfon Tudun Wada, ta kwanta kwana uku ta rasu, cikinta a kumbure. Bayanta wani tela, bayansa wata amarya. Aka gwada ruwan, aka ce lafiyarsa ƙalau. Junaidu ne ke zuwa ta'aziyya da buhunan shinkafa masu tambarin kamfani. Mijin Lantana ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Alhaji, kai kaɗai ka tuna da mu. Allah Ya saka maka da irin abin da ka yi muna."

Junaidu ya kasa cewa amin. Ya janye hannunsa ya shiga mota. Tun daga ranar in ya ɗaga hannu zai yi addu'a sai ya sauke, amma bai rufe rijiya ko ɗaya ba.

Wata Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar da jarkoki a tsakar gida, mahaifiyarsa Hajiya Maimuna tana zuba wa 'yarsa Muhsina ruwa a kofi.

"Inna, wane ruwa ne wannan?"

"Na rijiyarka, ɗana. Sadaka ce mai gudana, ba a bar mu a baya wajen albarkarta ba. Wata biyu ke nan muna sha, da shi matarka Habiba ke girki."

Ya doke kofin daga hannun yarinyar, amma ta riga ta haɗiye.

Ranar Litinin aka kai Muhsina makabarta. Matarsa Habiba ta dawo ba ta gane kowa, tana zama gaban famfo tana yi masa magana da sunan 'yarta. Hajiya Maimuna ta bi jikarta bayan mako biyu, kuma har numfashinta na ƙarshe albarka take sa masa. Wannan ya fi komai ƙona shi.

Ya koma wurin Bawa ya durƙusa. "Ka karɓe duk abin da na samu."

"Abin da ka samu naka ne," in ji Bawa. "Abin da munka sha kuwa ba ya dawowa."

Sai ya ɗauki guduma ya bi rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya yana farfasa famfunan. A Tudun Wada mata suka taru da bokitai suna roƙonsa ya bari. Nan ya tsaya a gabansu ya faɗi abin da ya jefa a ƙasa, da sunan duk wanda ya mutu. Babu wanda ya taɓa shi. Mijin Lantana ya dube shi kawai, ya ja 'ya'yansa suka wuce.

Kamfani ya kore shi, aka toshe rijiyoyin da siminti, gidajen man suka rufe. Dangin Habiba suka zo suka ɗauke ta. Shi kuwa hankalinsa bai gushe ba, ko da yake ya roƙi hakan. Yana nan a ɗaki guda, yana tuna komai.

Kai da aka damƙa wa amanar jama'a, ka ji tsoron Allah. Boka ba ya ba da kyauta, kuma wanda ya yarda a cuci ɗan wani don ya hau, da hannunsa ya buɗe ƙofar gidansa.