Inna Ta Tafi, Inna Ta Dawo

A wani ƙauye, can zamanin da, aka kai wani yaro mai suna Bawa gidan kakarsa yaye. Kaka ta ba jikarta Lantana renonsa. Ita Lantana uwarta ta rasu tun tana ƙarama.

Bawa ba ci, ba wasa, sai kallon ƙofa. Duk wanda ya ji kukansa sai ya ce, "Yi shiru, ga innarka can tafe!" Ya ruga zaure, ba kowa. Ya dawo da kukan da ya fi na farko.

Kaka ta ce, "Ke ma faɗa masa haka mana, mu samu mu huta."

Lantana ta ce, "Kaka, ni ma haka aka yi ta faɗa mini. Har yau ina duba ƙofa."

Sai ta fere karan dawa ta yi 'yar tsana, ta ɗaura mata ƙyalle, ta ɓoye ta bayan turmi. Ta ce wa Bawa, "Inna ta tafi unguwa." Suka zauna suka tuƙa tuwon ƙasa. Can ta fito da ita: "Salamu alaikum, Inna ta dawo!"

Bawa ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Ƙara!"

Kullum haka. Inna ta tafi, Inna ta dawo.

Ranar da uwarsa ta zo ɗaukarsa, Lantana ta raɓe jikin bango tana kallonsu. Bawa ya zame daga cinyar uwarsa, ya ruga bayan turmi, ya ɗauko 'yar tsanar ya sa wa Lantana a hannu.

Ya ce, "Yaya, ga taki. Ta dawo."