Kurɓa Ɗaya Daga Rijiyar Gangare

Rana ta yi ja, ana gab da kiran magariba, Mama tana tsakar gida tana kwashe shanya, sai wani abu ya faɗo a kan rufin kwano. Ba ƙarar dutse ba ce. Tim ya yi, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma. Kafin ta ɗaga kai na biyu ya faɗo, na uku kuwa a kan farar rigar maigida da ke hannunta ya sauka. Baƙin taɓon kwata ne mai yauƙi, da gashi a ciki. Warin kam ba a magana. Ta leƙa waje, babu kowa a layin, ko akuya.

Maigidan babban jami'in tsare-tsare ne a ƙaramar hukuma. Duk shekara shi ke jera ayyukan da za a yi wa gari, wanne za a fara, wanne zai jira. Garin kuwa sai faɗi yake yi, gidaje na tsirowa a kan tudu babu tsari. Shekara bakwai mutanen unguwar gangare suna sintiri a ofishinsa da roƙo ɗaya, a yi musu magudana, domin ƙazantar sababbin gidaje da ta mayanka duk a tsohon tafkinsu take taruwa, rijiyarsu kuma tana bakin tafkin. Amsarsa ba ta canzawa: "Sai baɗi." Har sunan ya bi shi, ana kiransa Sai-Baɗi. A bana ma ya soke magudanar daga jerin, ya sa shataletale mai feshin ruwa da fitilu kala-kala a gaban sakatariya. Tir da wannan tsari!

Da ya ga rigar, tsaki ya yi. "Aikin 'yan gangare ne. Hassada ce kawai."

Washegari da magariba aka sake jefowa. Rana ta uku Mama ta buɗe famfo za ta yi alwala, baƙin ruwa ya zubo da ƙananan tsutsotsi suna motsi. Aka wanke tanki, aka zuba magani, aka sayo ruwan roba katan biyar. Duk robar da aka ɓalle, da hatiminta da komai, sai warin mushe ya bugi hanci. Gidan ya yi tsit. Da rana ta karkata, daga can bayan tanki, sai a ji kamar wata tsohuwa tana kakarin amai.

Suna da 'ya ɗaya da ta rage a gabansu, Auta, tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya. Duk duniya babu abin da Sai-Baɗi yake nuna wa mutane da alfahari kamarta. A yammaci na biyar tana zaune tana karatu, sai littafin ya zame daga cinyarta. Ta miƙe a hankali, bayanta a ranƙwashe kamar na 'yar shekara casa'in, ta toshe hanci da yatsu biyu, ta dubi ubanta.

"Kai ne mai sa hannun?"

Muryar ba tata ba ce. Mama ta saki salati.

Kwana uku yarinyar ba ta ci ba, ba ta sha ba. Leɓɓanta suka tsage, idanunta suka faɗa. Likita ya zo ya ɗaura mata ruwa, ruwan ya yi baƙi a cikin ledar tun bai kai jijiya ba. Ya cire, ya ce idan aka ƙara kwana biyu a haka, shi ba shi da ta cewa.

Sai aka ɗauko Malam, wani dattijo siriri wanda ba ya son yawan magana. Bayan la'asar ya zauna a gefen tabarmar da aka kwantar da ita, ya yi ta karatu da murya ƙasa ƙasa har inuwa ta cinye tsakar gidan. Can Auta ta buɗe ido.

"Ya isa, Malam. Ni ma ina sallah, ba ƙona ni za ka yi ba."

"To baiwar Allah, wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba. A bakin tafkin gangare nake tun garin nan bai wuce bukka tara ba. A nan na haifi 'ya'yana, a nan na aurar da jikoki. Ku mutane kuna cewa aljanu na son ƙazanta. Wallahi ƙazafi kuka yi mana! Jinin mayanka, ruwan masai, allurar asibiti, duk a ƙofar ɗakina. Duk wannan na haƙura. Amma yaran unguwar da nake jin dariyarsu kullum, bana guda shida aka wuce da su a kafaɗa, gudawa ta kwashe su. Wannan kuma," ta nuna maigidan da haɓa, "ya sa hannu a takarda wai an gwada rijiyar, ruwanta garau. Ko gangaren bai taɓa takawa ba."

Malam ya juyo. "Haka ne?"

Sai-Baɗi ya share gumi. "Malam, ka san aikin gwamnati, akwai matakai. Amma ka gaya mata, in sha Allahu a tsarin baɗi..."

Dariyar da ta fito daga bakin Auta sai da ta sa tsikar jikin kowa ta tashi.

"Zalunci ne ki kama wadda ba ta da laifi," in ji Malam. "Ki faɗi abin da zai sa ki fita."

"Zan yanka rago," maigidan ya yi caraf. "Har bijimin sa ma. Turare, duk irin wanda take so."

"Riƙe kayanka. A ɗebo kofi ɗaya daga rijiyar da ya ce garau take. Ya yi kurɓa ɗaya a gabana, in sakar masa 'yarsa kafin a idar da sallah, ba kuma zan dawo ba."

Mama ba ta jira a aiki kowa ba. Ta ja mayafi ta gangara da kanta. Ga abin da ta tarar: mata a layi suna tace ruwa da gefen ɗankwali, tafkin ya yi kore yana kumfa, ƙudaje sun rufe bakin rijiyar. Wata mata ta ɗebo mata, har da cewa, "Ki bari ya kwanta tukuna, baiwar Allah, ya fi shayuwa." Mama ta karɓa cikin kunya, ta juyo gida.

Aka zuba a kofin gilashi. Ruwan ya yi kalar shayin da ya kwana, wani abu fari yana yawo a ciki. Sai-Baɗi ya karɓa. Ya kai bakinsa, ya sauke. Ya dubi 'yarsa a kwance, numfashinta da ƙyar yake fita, ya sake ɗagawa, ya sake saukewa.

"Malam, ba za a ɗan tafasa ba?"

Malam ya girgiza kai.

"Ka san ina da ciwon ciki. To ko direbana zai sha a madadina? Ai wakilci ya halatta, zan sallame shi da kyau."

"Baban Auta!" Mama ta ce. "'Yarka ce fa!"

"Ina sane! Ki bar ni in yi tunani mana!"

Aka fara kiran sallah. Mama ta fizge kofin daga hannunsa, ta rufe ido, ta shanye tas har da gurɓin ƙasan. Ta durƙusa tana riƙe da ciki, hawaye na zuba.

 Da muryar tsohuwar ta dawo, ta yi sanyi.

"Ba ke na ce ba, 'yar nan. Amma kin sha abin da uwayen gangare ke sha, ba zan haɗa miki zafi biyu ba. Malam, zan fita, ba don karatunka ba, ba don alkawarinsa ba. Na zauna kusa da masai shekara bakwai, amma ba zan iya ƙara kwana ɗaya a gida ɗaya da mutumin nan ba." Ta juyo ga Sai-Baɗi. "Ka kuma sani, ban rufe wa 'yarka kunne ba. Tana ciki, ta ji komai."

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Warin da ya cika gidan kwana takwas ya ɗauke lokaci ɗaya. Malam ya ɗauki takalmansa, maigidan ya bi shi da ambulan na kuɗi, Malam ya ƙi ko kallonta.

Da Sai-Baɗi ya dawo ɗakin, Auta ta tashi zaune, ta rungume uwarta tana shafa mata baya. Ya tsuguna, ya miƙa hannu zai taɓa goshinta.

"Autata, sannu. Alhamdu lillahi, kin ga an rabu lafiya."

Ta janye kanta. Ta daɗe tana kallonsa da idanunta na gaske, sannan ta yi magana da tata muryar, a dishe.

"Baba, kurɓa ɗaya ce fa."

Ya buɗe baki zai yi bayani. Ta juya ga uwarta ta ce, "Mama, tashi in kai ki asibiti."