Famfon da Aka Kulle a Tsibiri

Aikin Gado ba mai wuyar fahimta ba ne. Wani ɗan akwati yake ɗaurawa a jikin famfon hannu, ana ce masa kwantar. Duk sanda aka danna hannun famfo, akwatin ya auna tsawon lokacin da ke tsakanin wannan bugu da na gaba, ya turo masa a waya. In tazarar ta fara tsawo, ya san famfo ya gaji.

Na farkon da ya ɗaura yana Tsibiri, bayan gidan surukarsa, kuma matarsa Saudatu ce ta gwada masa shi. Tana da tsohuwar karaya a kafaɗa, don haka bugunta daban ne: biyu da sauri, sai dogon hutu. Ya sha yi mata tsiya a kai.

Da damina Saudatu ta rasu. Gado ya kai ɗiyarsu Hidaya wajen kakarta a Tsibiri, shi ya zauna Zariya kamar marar lakka. Famfon ma ruwansa ya lalace, aka sa masa sarƙa da kwaɗo.

To, famfon da ke kulle ne ya fara turo lambobi kowace magariba. Biyu da sauri, sai dogon hutu. Gado bai gaya wa kowa ba. Kai, Allah sarki, jiran magaribar ma ya koma yi, don abin da ya rage masa nata ke nan.

Sai ran nan hutun ya ɓace. Wani ɗan bugu marar ƙarfi ya shiga tsakani, kamar ƙaramin hannu na taya babba. Ya hau moto ko takalmi bai sauya ba.

Ana kiran sallar isha'i ya isa. Surukarsa ta ce yarinyar ta fita tun magariba, ta zaci gidan maƙwabta ta shiga.

A bayan gidan ba kowa sai karan hatsi. Yana jin ƙarar ƙarfe, ƙiii, ƙiii. Ga ƙamshin man da Saudatu ke shafawa a kafaɗa.

Sarƙar na nan a ɗaure. Hannun famfo na hawa yana sauka. Hidaya na rataye da shi, ƙafafunta ba su taɓa ƙasa.

A bayanta akwai mace tsaye, ta ba shi baya. Tsawonta ya wuce na Saudatu nesa.

“Baban Hidaya,” in ji ta a hankali, “bar mini ita. Ni kaɗai ce a can.”

Muryar ce sak. Ya so ta juyo ko sau ɗaya, wallahi ya so.

Ta fara juyowa.

Ya runtse ido, ya yi bisimilla, ya fizgo yarinyar. Jikinta sanyi ƙalau. Wani abu ya riƙe ta ta ɗaya gefen, har sai da rigarta ta yage. Ya ruga cikin kara yana karatu, Hidaya na cizonsa tana kiran innarta.

Washegari ya cire kwantar, ya sa mai walda ya like hannun famfon. Ya komo da ɗiyarsa Zariya. Malamai suka yi mata rubutu ta sha, jiki ya dawo, amma ta daina kallonsa cikin ido.

Kullum da yamma takan cika moɗa da ruwa ta ajiye bakin ƙofa, wai innarta na jin ƙishirwa. Safiyar farko da ta tarar da moɗar a cike, ta yi kuka har ta shiɗe, ta ce babanta ya kori innarta har abada.

Tun daga ranar, in Gado ya tashi asuba, yakan tsuguna bakin ƙofa ya shanye ruwan kafin ta farka.