Bencin Ƙarshen Gado

Evanthia tana gyaran gado a ɗaki na sha huɗu, a otel ɗin da take aiki a tsibirin Naxos, sai wani saurayi ya shigo da tsani a kafaɗa.

"Kar ka taɓa min zanin gado da hannun nan," ta ce, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Fitila aka aiko ni gyarawa, ranki ya daɗe."

Ta ɗago, suka haɗa ido. Sunansa Lefteris, mai gyaran wuta. Aikin minti biyar ne, ya ɗauki awa guda yana tambaya. Me ya sa fitila biyu a gefen gado? Me ya sa labule biyu, mai kauri da mara kauri?

"Don in ɗaya yana barci, ɗaya ya yi karatu bai tashe shi ba," ta ce. "Kai ba ka taɓa kwana a otel ba ne?"

"Ban taɓa ba. Amma ina koyo."

Ashe da gaske yake. Shekara guda yana gyara saman benen gidan kakarsa, duk abin da Evanthia ta yaba a ɗakunan otel sai ya kwaikwaya: farin zanin gado, fitila hagu da dama, dogon madubi, da ɗan benci a ƙarshen gado.

Ranar da ya zo neman aurenta, mahaifinta Stamatis, masunci ne mai yawan fargaba, ya ce sai ya ga inda za a ajiye masa 'ya. Ya hau bene yana murmushi. Yana ganin bencin, fuskarsa ta canja.

"Wannan na ɗora akwati ne," ya ce wa Evanthia. "Irinsa na gani a otel ɗin tashar jirgin ruwa ta Piraeus, ranar da mijin yayarki ya tafi da ita Jamus. Shekara shida jikokina sai dai a waya. Wanda ya shirya ɗaki kamar na baƙo bai yi niyyar zama ba. Ban yarda ba."

Nan da nan gwaggon Evanthia ta fara yi mata tallan ɗan mai kantin magani, wanda kabad ɗin gidansu maza shida ba sa iya ɗagawa, wai alamar babu inda za shi. Ita kanta Evanthia shakka ta shige ta. Ta rubuta masa:

"Gaya min gaskiya, Lefteris. Ni ma Jamus za ka kai ni?"

Amsa ta zo nan take: "Ni da jirgin ruwa ke sa ni amai kafin mu kai tsibirin Paros da ke nan kusa? Hasken idona, ba ni kwana goma, sannan ki kawo Baba."

Da ƙyar ta lallaso tsohon. Lefteris bai kai shi ɗakin amarya ba, ƙofar da ke kusa ya buɗe. Gado ne na mutum ɗaya, da fitila a gefe, da ƙugiyar rataye hula, tagar kuma tana kallon inda jiragen masunta ke tsayawa.

"Wannan naka ne, Baba. In akwai baƙo a gidan nan, to kai ne. Kuma mu ba mu da ranar sallamar baƙo irin ta otel."

Stamatis ya zauna, ya danna katifar da tafin hannu. Ya daɗe yana kallon taga.

"Matashin kai huɗu? Kai nawa gare ni?" ya ce, yana goge ido da hula. "Ka rage biyu, sannan ka je coci ka ga firist ya ba ku ranar aure."

Ranar Alhamis kafin ɗaurin aure, 'yanmatan dangi suka taru shimfiɗa gadon amarya kamar yadda aka saba. Sau biyu Evanthia tana warwarewa ta sake naɗe kusurwoyin, suna yi mata tsiya wai manaja ta zo duba aiki. Aka watsa shinkafa da furanni a kan gadon. Yayarta ma ta iso daga Jamus da yaranta.

Ranar Lahadi Stamatis ya riƙo hannun 'yarsa har ƙofar coci, ya sa shi cikin na Lefteris.

"Allah Ya yi muku albarka," ya ce. "Ku tsufa tare a gidan nan, ni kuma ina jin motsinku ta bango."