Muryar Japheth a But ɗin Mota

Ranar da Micah ya fara ganin Martha, faɗa ya yi mata. Yana gwada sabuwar wufa, babbar lasifikar nan mai sa ƙirji rawa, a shagonsa na haɗa sautin mota kusa da tashar Birnin Gwari, sai ya ga wata budurwa ta ɗora tafinta a but ɗin motar da wufar ke ciki.

"Malama, matsa mana, aiki ake yi," ya ce. Ya maimaita har sau uku, ko waiwaye ba ta yi ba. Da ya zagayo gabanta ya ga hawaye a fuskarta. Ta rubuta a waya ta miƙa masa: "Yi haƙuri, ba na ji. Amma wannan na ji shi a hannuna."

Wallahi kunya ta kusa kashe shi. Ya jawo mata benci, suka yi ta miƙa wa juna waya har ya ji labarin. Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tare su a hanyar Dogon Dawa. Yayanta Japheth ne ke tuƙi, a nan ya rasu, ita kuma ƙarar harbin ta tafi da kunnuwanta. Japheth ne mai murya mafi zurfi a mawaƙan cocinsu, kuma tana da waƙarsu ta ƙarshe a wayarta. "Na fara manta muryarsa," ta rubuta. "Abin da ya fi min ciwo ke nan."

Daga nan saƙo ya ƙi ƙarewa. Ita ta raɗa masa Sarkin Hayaniya, shi yana ce mata Gimbiya. Kafin a girbe masara so ya kama su, Micah ya tura manya gidansu.

Baba Andrawus, mahaifinta, bai yi zagi ba, kuma da zagin ya yi da ya fi sauƙi. Kiran Micah ya yi ya ce, "Ɗana, kai da sauti kake ci, ita kuwa sauti ya bar ta. Wata rana za ka gaji da rubutu. Na rasa ɗaya, ba zan zuba ido a karya min ta biyu ba." Ya ce ya riga ya yi maganar aurenta da Malam Joshua, malamin firamare mai sanyin hali, ya kuma roƙi Micah ya daina zuwa.

Sati biyu Martha ba ta amsa saƙo ba, Micah ya ɗauka ta zaɓi malamin. Ya rame kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Sai ga saƙo: "Sarkina, ba gudunka na yi ba, tsoro na ji ko gaskiyar Baba ce. Motar Yaya tana nan ƙarƙashin mangwaro. A cikinta nake so in ji shi, ko sau ɗaya, kafin a ɗaura min aure."

An hana shi shiga gidan, to sai ya koya mata aikin haɗa wufa a motar ta hanyar saƙonni. Cikin amfilifaya, na'urorin da ke ba lasifika ƙarfi, ya ware manya masu suna gefe, ya zaɓi ƙarama wadda ƙarfinta ya yi daidai da wufar, don ya san babba ƙona ta za ta yi. Ya auna wayoyi, ya yanka, ya aika mata kayan da batir a buhun masara. Baba na tafiya gona, saƙonni na shigowa.

"Gimbiya, jar waya mai kauri ce ta batir. Kar ki sa siririya, zafi take yi. Fis ɗin, ɗan abin nan mai katse wuta, ya zauna kusa da batir, tsawon hannunki kawai. Idan wani abu ya faru, shi zai mutu, ke ki tsira."

"Kai ne fis ɗin ke nan?" ta tambaya.

"Ni ne. Baƙar wayar kuma gajera ce, ki kankare fenti sai ƙarfe ya fito, ki ɗaure ta tam. Kada ki haɗa batir sai a ƙarshe."

Kwana huɗu ta yi tana fama, har da yanka a yatsa. Rana ta biyar Baba ya dawo da wuri, ya tarar da motar da ya hana kowa taɓawa a buɗe, Martha na ciki. Ransa ya ɓaci, ya finciki ƙofa zai fito da ita, sai ta riƙe hannunsa ta zaunar da shi, ta kunna waƙar. Tun rasuwar bai iya sauraron waƙar nan ba, muryoyi arba'in ne a ciki, yana neman ɗansa yana rasa shi.

Martha ta bi saƙon ƙarshe: "Rage lasifikun gaba, ki bar ta but kaɗai. Ita murya mai zurfi kawai take ɗauka." Muryoyin mata suka janye, sai wata murya mai kauri ta taso ta cikin kujera ta shiga bayansu.

"Japheth," in ji Baba a hankali. Martha ba ta ji ba, amma ta ga bakinsa. Suka yi kuka har waƙar ta ƙare, ta sake kunnawa.

Da ya share ido ya karɓi wayarta, ya karanta saƙonnin tun daga farko, fiye da dubu, babu ranar da Micah ya tsallake. Ya daɗe yana lalubar haruffa, don bai taɓa tura saƙo ba, sannan ya rubuta: "Andrawus ne. Ka zo da manyanka."

Da ƙafarsa Baba ya je ya ba Malam Joshua haƙuri. Ranar biki, bayan fasto ya sa albarka, motar Japheth ce ta ɗauki amarya, Micah na tuƙi a hankali. Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya tsare muku hanya." Ya dafa but ɗin da ke rawa da muryar Japheth ya ƙara da cewa, "Kai kuma, raka ƙanwarka."