Makullin Ɗakin Malam Dikko

Ranar da Adawiyya ta fara taka ofishin kamfanin shinkafar nan na Argungu, da harara aka tarbe ta. Ta taso tun safe daga Gesse a Birnin Kebbi, tef ɗin awo a jaka, takardun zane a hannu, domin mai kamfanin ya ɗauko ta ta sake tsara masa ofishi. Kukansa ɗaya ne: manoma suna wuni a layi don rajistar iri da taki, amma ma'aikata goma sha biyu ba sa iya sallamar mutum arba'in a rana.

Tana cikin auna wani bango sai ga saurayi dogo ya tsaya a kanta, fuska ba annuri.

"Malama, wa yab ba ki izinin taɓa bangon ga?"

"Wanda yab ba ka aiki," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Riƙe min bakin tef ɗin ga, tunda tsayuwa kake so."

Munzali ke nan, shugaban ma'aikatan. Ya riƙe tef ɗin kuwa, amma kamar ya riƙe wutsiyar maciji.

Kafin azahar Adawiyya ta gano cutar ofishin, ko dai abin da ta ɗauka cutarsa ce. Ɗakuna ne ƙanana kamar akurki, kowa ya rufe ƙofa, takarda ɗaya sai ta zaga ɗaki biyar. Ta ce a rushe bangayen duka, a yi falo guda mai haske da iska, kowa yana ganin kowa.

"Ki rushe duk wanda kika so, ki bar na kusurwa," Munzali ya ce. "Ɗakin Baba na. Shekara talatin shina rajistar manoma ciki."

"An ɗauko ni gyaran aiki, ba gadin tarihi ba. Babanka zan ba shi tebur mafi girma, a tsakiyar falo."

Har ga Allah girmamawa ta nufa. Da aka zo fasa ɗakin, Malam Dikko, mahaifin Munzali, ya miƙe. Ya kwashe littattafansa, ya kulle ƙofar da za a cire nan da awa ɗaya, ya jefa makullin a aljihu.

Mako uku ana aiki, mako uku ita da Munzali suna faɗa. Sun yi faɗa a kan launin fenti, a kan tsayin kujeru, har a kan inda za a rataye agogo. Ya sa mata suna Mai Guduma, ita kuma ta sa masa Sarkin Gardama. Sai dai duk rana tsaka takan tarar da fura mai sanyi a kan takardunta, shi kuma ya rantse bai san wanda ya aje ba. Wata ranar Laraba, tana cikin motar komawa Birnin Kebbi, saƙonsa ya shigo:

"Mai Guduma, fankar da kika sa tana kwashe min takardu. Zanenki bai yi ba. Kin isa gida lahiya?"

Ta karanta sau huɗu kafin ta rubuta: "Ka ɗora dutse a kan takardun, Sarkin Gardama. Ban isa ba tukuna. Mi ya dame ka da isata?"

"Komi," ya amsa.

Daga wannan kalma ɗaya magana ta yi nisa. Kafin a gama shafa fenti ya je Gesse zance sau biyu, kuma ko a can musu suke yi. Adawiyya ta san ta kamu, abin yana ba ta haushi yana yi mata daɗi.

Aka buɗe sabon ofishi, kowa yana yaba kyau. Ranar farko aka sallami manoma talatin, rana ta biyu ashirin da biyar. Mai kamfani ya kira ta a waya da murya mai sanyi wadda ta fi tsawa ciwo. Ta dawo Argungu, ta ja kujera gefe ta zuba ido.

Nan ta ga ɓarnar da ta yi da hannunta. Hanyar zuwa na'urar kwafi ta gaban teburin Malam Dikko ta bi, kuma babu ɗan Argungun da zai gitta gaban dattijo a tsaye. Duk wanda ya taso da takarda sai ya durƙusa ya gaida shi, in ya dawo ya sake rusunawa. Manomi kuwa sai ya tuɓe takalmi, ya tambayi gida, ya tambayi fadama, ya tambayi ciwon ƙafa, na bayansa suna jira su ma su yi tasu. Matasan ma'aikata ko dariya ba sa iya yi, ko ruwa ba sa iya sha a gabansa. Shi kansa tsohon yana zaune a takure, idon kowa a kansa, ba halin ya miƙe ƙafa.

Ta rubuta wa mai kamfani gaskiya: "Hanyar da na bi da ita gaban teburin Malam Dikko ita ke cinye lokaci. Kuskuren nawa ne."

Takardar ta bi ta hannun Mansura, mai buga takardun ofishin, wadda ta shekara biyu tana jiran Munzali ya lura da ita. Mansura ta yanke rabin maganar ta kai wa tsoho rabi: baƙuwar nan ta rubuta cewa shi ke cinye lokaci, a kawar da shi. Malam Dikko ya ɗauki sandarsa ya fita, bai sake dawowa ba. A makon ne kuma Munzali ya kai masa maganar auren Adawiyya.

Saƙon da ya zo mata bayan la'asar ba Mai Guduma a cikinsa.

"Adawiyya, kin rushe ɗakin Baba na yi shiru. Yanzu kin rubuta a kore shi. Ya ce ba ya neman min auren wadda ta zaunar da shi tsakar kasuwa sannan ta kira shi cikas. Ni ma ban ga laihinai ba."

Ranta ya ɓaci. Ta ɗauki hoton takardar ta tura masa, ta ƙara da cewa: "Karanta da idonka. Kai ɗin da ka iya musu a kan agogo, ba ka iya tambayata ba kahin ka yanke min hukunci?"

Ya kira sau bakwai ba ta ɗauka ba. Ta yi kuka, ba don ƙaryar Mansura kaɗai ba, don ta san ko an cire ƙaryar akwai sauran laifinta. Ta auna kowane bango a ofishin nan, amma ba ta taɓa zama ta tambayi tsohon yadda yake aikinsa ba.

Ofis kuwa ya ƙara rikicewa. Manoma suna tsayawa bakin ƙofa suna tambayar ina Malam, don shi kaɗai ya san wane ne ɗan wane, da gonar da aka raba gado, da masu suna iri ɗaya a ƙauye ɗaya.

Ranar Asabar ta tafi gidan Malam Dikko ba tare da ta gaya wa Munzali ba. Ta same shi a zaure kan tabarma, mutane suna shigowa su gaisa sau ɗaya su faɗi abin da ya kawo su su wuce. Ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ya bar ta a durƙushe har baƙi uku suka zo suka tafi.

"Ke ce mai guduma? Nan ma akwai bango, in rushewa kika zaka yi."

"Baba, haƙuri na zaka ba ka. Ban ce a kore ka ba, amma na rushe maka ɗaki ban tambaye ka ba. Wannan laihina na."

"Awo, laihinki na. Munzali ya karanta min takardar, na san abin da yarinyar can ta ƙara. Amma ke ɗiyata, wa yag gaya miki girma shi na a aje mutum inda kowa ka kallonai?"

Ta ciro tef ɗin awonta ta aje a gabansa.

"Ka zana min inda ya kamata ka zauna. Yadda kac ce haka za a gina."

Ya ture tef ɗin gefe ya ɗauki sandarsa. A ƙasan zauren ya ja layi: ɗan zaure a ƙofar ofis, da tabarma da wurin aje takalma, inda manomi zai gaisa sau ɗaya a gaya masa teburin da zai nufa. Ma'aikata su sami tasu ƙofar ta gefe, su gaida shi da safe shi ke nan. Falonta bai taɓa shi ba.

"Hasken da kika sa yana da kyau," ya ce a daƙile. "Ina ganin rubutu ba tabarau."

Kwana goma aka gama ginin. Ranar farko aka sallami manoma saba'in da uku kafin la'asar. Mansura ta nemi a mayar da ita sashen sito da kanta. Munzali kuwa sai da ya yi mako guda yana turo saƙon ban haƙuri kafin ta amsa.

"Na yahe maka, Sarkin Gardama. Amma agogon nan inda nac ce nan zai zauna."

"Ko a rufi kika ce, Mai Guduma tawa."

Bayan girbin shinkafa Malam Dikko da kansa ya jagoranci 'yan'uwansa zuwa Gesse neman aure. Aka ɗaura ranar wata Juma'a, manoma suka cika unguwar da babura tun daga Argungu har Ambursa.

Da aka kawo amarya ta gaida surukinta, ta durƙusa kanta a lulluɓe. Ya laluba aljihu ya ciro tsohon makulli, ya sa mata a tafin hannu. Ta gane shi nan take, hawaye ya zubo mata.

"Ƙofar ta tahi, makullin kaɗai ya rage," ya ce. "Ki riƙe shi. Duk gidan da za ki gyara, har naki, ki fara tambayar na ciki. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zama lahiya da zuri'a ta gari."

Ɗaki ya amsa da amin. Munzali ya sunkuyo ya raɗa mata cewa shi a jikin ƙofa ya kamata a rataye makullin. Ta ce a'a, a kan teburinta zai zauna. A kan teburin nata yake har yau.